Idan Kwamfutar Tafi-da-gidanka Ta Ƙi Tashi Bayan An Sauya Mata Kenel

Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata matsala da takan sami kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, musamman a hannun ɗaliban da suka fara ɗanɗana Linux. Yaro yakan raba dare yana gyaran wani abu a cikinta, da safe ya danna maɓallin kunnawa, fanka ta yi ta juyawa, 'yar fitila ta kama, amma fuskarta baƙi ƙirin, ko kuwa ta cika da rubutun Turanci ta tsaya cik. Daga nan sai hankalin gida ya tashi. Uba ya ce an lalata masa abin da ya saya da gumin goshinsa, a ɗauka a kai wa mai gyara. Shi kuwa mai gyara, sau da yawa abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya goge faifan ajiya gaba ɗaya ya zuba sabon tsari. To, a nan ne asarar gaske takan auku, domin hotuna da takardu da aikin makaranta duk sun tafi, alhali kuwa kafin a goge suna nan daram, babu abin da ya taɓa su.

Bari in fara da kenel ɗin kansa, saboda iyayenmu da ba su saba jin kalmar ba. A Turanci ma'anarta ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. A kwamfuta kuwa, kenel shi ne manhajar da ke zaune tsakanin ƙarafa da sauran manhajoji. Shi ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa, shi ke magana da faifan ajiya da fuska da maɓallan rubutu da batir. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta kenel na Linux a 1991 yana da shekara 21. Yau rubutun ya haura layi miliyan 30, kuma duk wayar Android da ke aljihun iyayenmu a kansa take aiki. Tun 1992 aka saka shi ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa izini ya ɗauka, ya karanta, ya sauya, ya gina nasa. Wannan izini shi ke jan ɗalibai irinmu.

Kafin mutum ya gina kenel nasa, dole ya amsa tambayoyi, kuma tambayoyin sun fi 10,000. Akan buɗe su da umurnin "make menuconfig", amsoshin kuma su taru a wani fayil mai suna ".config". Yawancin tambayoyin a kan direbobi ne, watau 'yan manhajojin da suka san harshen kowane ƙarfe, kamar yadda tafinta ya san harshen baƙo. Amsa iri 3 ce. Harafin "n" yana nufin a bar wannan direba, ba a bukatarsa. Harafin "y" yana nufin a cusa shi cikin jikin kenel. Harafin "m" kuwa yana nufin a gina shi a ajiye shi a gefe, a cikin faifai, sai an neme shi a ɗauko. Ina roƙon mai karatu ya riƙe bambancin "y" da "m" da kyau, domin yawancin wahalar da za mu tattauna daga nan take fitowa.

Akwai masu gina kenel don kwamfutarsu tsohuwa ce suna so su rage mata nauyi, akwai masu yi don wani sabon ƙarfe da tsohon kenel bai san shi ba, akwai kuma masu yi don koyo kawai. Ni a ganina wannan na ƙarshen ma dalili ne mai kyau, ban ga laifin ɗalibin da ya gwada ba.

Tashin kwamfuta kamar tseren miƙa sanda yake, irin wanda muke yi ranar wasannin gidaje. Mai gudu na farko shi ne wata 'yar manhaja da ke manne a jikin injin tun daga masana'anta, a tsofaffin kwamfutoci ana kiranta BIOS, a sababbi kuwa UEFI. Ita ke duba ƙarafa, ta nuna tambarin kamfani, sa'an nan ta miƙa sanda ga na biyu, watau GRUB, mai nuna jerin tsare-tsaren da ke cikin kwamfutar. GRUB ya ɗauko kenel ya ɗora shi a ƙwaƙwalwar aiki tare da wani ɗan ƙunshi mai suna initramfs. Kenel ya karɓa, ya tayar da direbobinsa, ya nemo ɓangaren faifan da tsarin yake zaune. In ya same shi sai ya miƙa sanda ga na ƙarshe, wanda a yawancin tsare-tsaren yanzu sunansa systemd, shi kuma ya kunna sauran abubuwa har a kai ga wurin saka kalmar sirri. Saboda haka idan aka ce mini laftof ta ƙi tashi, tambayata ta farko ita ce, a hannun wa sanda ta faɗi? Abin da fuskar kwamfutar ta nuna a ƙarshe shi zai ba da amsa. Muddin tambarin kamfani ya bayyana, GRUB kuma ya fito, to ƙarafan lafiyarsu lau, kada kowa ya kwance kusa ko ɗaya.

Abu na farko da za a yi shi ne komawa ga tsohon kenel. Tsare-tsare irin su Ubuntu da Debian da Fedora ba su zubar da tsohon kenel don an saka sabo, sukan bar shi a gefe. A kashe kwamfutar ta hanyar riƙe maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, a sake kunnawa. A Ubuntu jerin GRUB yakan ɓuya, sai an riƙe Shift idan BIOS ce, ko a danna Esc idan UEFI ce. In ya fito a shiga layin da aka rubuta "Advanced options", a zaɓi kenel mai tsohuwar lamba, a danna Enter. Sau da yawa nan take kwamfutar za ta tashi kamar babu abin da ya faru. Wanda ya kai nan ya fara kwafe muhimman takardunsa zuwa filas kafin ya ci gaba da komai.

Amma komawa baya ba ta gaya mana abin da ya hana sabon tashi ba. Don a gano wannan sai a sa kwamfutar ta yi magana. A jerin GRUB a tsaya a kan sabon kenel a danna harafin "e". Za a ga layin da ya fara da kalmar "linux", a ƙarshensa akwai kalmomi 2, "quiet" da "splash". Su ne ke rufe bayanan tashi da hoto mai kyau. A goge su, a danna F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama, saboda haka babu abin tsoro. Yanzu rubutu zai yi ta gudu a fuska har ya tsaya. A ɗauki hoton wurin da ya tsaya da waya. Layin ƙarshe ba kullum shi ne mai amfani ba, sau da yawa maganar gaske tana layi 5 ko 10 sama da shi.

Saƙon da na fi cin karo da shi a ƙungiyarmu ta kwamfuta shi ne wannan: "Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". A wasu laftof har fitilar Caps Lock takan riƙa ƙiftawa tare da shi. Kalmar farko tana tsorata mutane, amma abin da kenel ke faɗa mai sauƙi ne: na tashi lafiya, na nemi faifan da tsarin yake, ban iya buɗe shi ba, don haka na tsaya.

Me zai hana shi buɗewa? A tuna da "y" da "m". Direban da aka ba amsar "m" yana ajiye ne a cikin faifai. To, idan direban faifan kansa aka ba wa "m", ga abin da zai faru: kenel yana bukatar direba kafin ya karanta faifai, direban kuma yana cikin faifan. Daidai yake da mutumin da ya kulle ɗakinsa da kwaɗo ya bar makulli a kan gado. Saboda wannan ne aka ƙirƙiri initramfs. Ɗan ƙunshi ne da GRUB ke miƙa wa kenel a hannu, a cikinsa akwai kwafin direbobin da ake bukata don buɗe faifai, watau makulli na biyu da aka bari a aljihu. Ke nan hanya 2 ce kawai: ko dai direban faifai ya zama "y", ko kuwa ya zama "m" amma a tabbata an gina initramfs kuma GRUB ya san da shi. Wanda ya rasa duka biyun zai ga wancan saƙo.

Lambobin da ke ƙarshen saƙon ma suna da magana, kuma mutane da yawa ba su lura da su. Idan sifiri da sifiri ne, kenel bai gane wane faifai ake nufi ba ko kuma bai ga faifan ba sam. Nan sai a duba direban ƙarfen. Tsofaffin laftof masu faifan SATA suna bukatar CONFIG_SATA_AHCI tare da CONFIG_BLK_DEV_SD, sababbi masu ɗan siririn faifan NVMe suna bukatar CONFIG_BLK_DEV_NVME. Wasu laftof masu injin Intel na 2020 zuwa sama sukan ɓoye faifan a bayan wani abu mai suna VMD, in ba a kunna CONFIG_VMD ba, ko direban NVMe yana nan ba za a ga faifan ba. Idan kuwa lambar farko 8 ce ko 259, to an ga faifan, tsarin rubutun da ke kansa ne kenel bai iya karantawa ba, kamar a miƙa wa wanda boko kaɗai ya sani takardar ajami. Ubuntu da Debian sun saba amfani da tsarin ext4, Fedora kuwa ta koma btrfs tun 2020. Umurnin "lsblk -f" zai nuna wanne ne a kwamfutarka, shi kuma "lspci -k" zai nuna sunan direban da kowane ƙarfe ke aiki da shi a ƙarƙashin tsohon kenel mai lafiya. Ana kwatanta waɗannan sunaye da abin da ke cikin ".config".

Akwai wani tarko kuma a nan. GRUB yakan gaya wa kenel inda tsarin yake ta hanyar wata doguwar lamba da ake kira UUID. Kenel shi kaɗai bai iya fassara wannan lamba ba, aikin initramfs ne. Don haka mutum yana iya ba duk direbobi amsar "y", ya cire initramfs don a yi saurin tashi, ya sake ganin sifiri da sifiri. Maganinsa shi ne a rubuta PARTUUID a maimakonta, wadda kenel ya sani, ko a ambaci sunan ɓangaren faifan kai tsaye.

A zangon da ya wuce wani ɗan ajinmu ya kawo laftof ɗin yayansa cikin jaka, idonsa ya yi ja, ga shi kuwa rubutun kammala digirin yayan yana ciki, babi 4 an gama. Shi niyyarsa ya sa ta riƙa tashi da sauri ne, sai ya kashe CONFIG_BLK_DEV_INITRD, ya bar direban NVMe a kan "m". Muka tashe ta da tsohon kenel, muka kwafe babin nan 4 zuwa filas tukuna, sa'an nan muka buɗe ".config" muka ga abin a fili. Gano matsalar bai kai rabin sa'a ba. Sake ginin ne ya cinye mana yammacin ranar, don injin ba mai ƙarfi ba ne.

Wani lokaci kenel ba ya tsayawa da wancan saƙo, sai dai ya jira na ɗan lokaci ya jefa ka wani baƙin fili inda aka rubuta BusyBox, da kalmar initramfs tana jiran umurni. Wannan alama ce mai daɗi, domin ƙunshin ya buɗe, makullin da ake nema ne babu a ciki. A rubuta "cat /proc/partitions". In ba a ga faifai a jerin ba, direba ne babu. Sai a koma tsohon kenel a sake gina ƙunshin: a Ubuntu da Debian da "update-initramfs -c -k" haɗe da lambar sabon kenel, a Fedora da "dracut", a Arch da "mkinitcpio". A kuma duba ko ɓangaren /boot ya cika, don direbobin da mutum ya gina da kansa sukan yi ƙiba ƙwarai idan ba a sa INSTALL_MOD_STRIP=1 lokacin saka su ba, ƙunshin ya kumbura wuri ya ƙare, a rubuta shi rabi. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana cikin sakawa, batir kuma ya tsufa kamar yadda yawancin laftof na hannu suke, ƙunshin yakan fito guntu. Ni dai ba na fara wannan mataki sai batir ya cika.

Ita kuwa fuska baƙi ƙirin wadda ba ta nuna ko harafi ɗaya, ta fi cin rai, domin babu abin karantawa. Amma sau da yawa kwamfutar ta tashi sarai, nunawa ce ta gagara. A jira minti 2, a danna Caps Lock. Idan fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda aka danna, kenel yana raye. A koma GRUB, a danna "e", a ƙara kalmar "nomodeset" a ƙarshen layin "linux". In hoto ya fito, matsalar ta direban fuska ce. Ko dai an kashe CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE, wanda ke rubuta haruffa a fuska, ko kuma an ba direba irin amdgpu amsar "y". Abin mamaki a nan shi ne "y" ce ke jawo wahala, domin wannan direba yana bukatar wasu fayiloli daga faifai, in aka cusa shi cikin kenel yakan tashi tun kafin a buɗe faifan, ya neme su ya rasa. Shi "m" ta fi dacewa da shi. Bayan an koma tsohon kenel, umurnin "journalctl -b -1" yakan nuna abin da aka rubuta a tashin da ya gabata, idan har an kai ga buɗe faifai a wancan tashin.

Idan kuma GRUB ne da kansa ya ƙi miƙa sanda, ya rubuta "bad shim signature", to wannan aikin Secure Boot ne, wani tsaro da ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012, wanda ba ya barin kenel marar sa hannu ya tashi. Kenel na Ubuntu da na Fedora suna da sa hannu, wanda ka gina a ɗakinka ba shi da shi. Ana iya kashe tsaron a saitin UEFI, ko mutum ya yi nasa sa hannun ya yi masa rajista da "mokutil". Sai dai ina jan kunnen wanda laftof ɗinsa ke ɗauke da Windows na mahaifinsa a gefe. Idan an kulle Windows ɗin da BitLocker, taɓa Secure Boot yakan sa ya nemi wata lambar ceto mai alƙaluma 48. A tabbata lambar tana hannu kafin a taɓa.

Saura wanda ba shi da tsohon kenel, ko don ya goge shi, ko don sabon ya hau kansa saboda lambarsu ɗaya. Wannan sai ya ari kwamfutar aboki ya zuba Linux a filas, wanda girmansa ya kai gigabait 8, ya tashi laftof ɗin daga filas ɗin ba tare da ya zaɓi sakawa ba. Daga nan zai ga faifansa da duk abin da ke ciki, ya kwafe. Sa'an nan ya ɗaura ɓangaren tsarin a /mnt, ya ɗaura /boot da ɓangaren EFI a wurarensu, ya haɗa /dev da /proc da /sys, ya rubuta "chroot /mnt". Yin haka kamar shiga gidanka ne ta ƙofar baya, kana ciki kana iya sake saka kenel na asali da "apt", ka gina initramfs, ka rubuta "update-grub". Wannan aiki yana son natsuwa, gara a yi shi tare da wanda ya taɓa yi. Ga iyayenmu kuwa, idan har ya zama dole a je wurin mai gyara, a gaya masa a fili cewa kada ya goge faifai sai ya kwafe abin da ke ciki, don da filas irin wannan kwafewar ba ta da wuya.

Lokacin sake gini, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a fara da amsoshin da aka san suna aiki. A Ubuntu da Debian da Fedora amsoshin tsohon kenel suna cikin /boot, a fayil mai suna "config" haɗe da lambarsa. A kwafe shi ya zama ".config", a rubuta "make olddefconfig" don ya cike sababbin tambayoyi, kana a riƙa sauya abu kaɗan kaɗan ana gwadawa. Wanda ya sauya abu 200 a zama ɗaya ba zai san wanne ya kayar da shi ba, ko da yake akwai "scripts/diffconfig" mai jera bambancin fayil 2. Akwai kuma "make localmodconfig", wanda ke zubar da duk direban da ba ya aiki a daidai wannan lokaci. Yana rage tsawon gini ƙwarai, amma in ba a soka filas ko modem ba lokacin da aka rubuta shi, sabon kenel zai iya tashi bai san su ba. A saka wani suna a CONFIG_LOCALVERSION don sabon ya bambanta da tsoho kada ya hau kansa. Masu Ubuntu da Debian su yi amfani da "make bindeb-pkg", domin ƙunshin da yake fitarwa, in an saka shi, shi da kansa yake gina initramfs ya sabunta GRUB.

In sabon ya tashi, a rubuta "uname -r" a tabbata sunan da aka saka ne ya fito. A gwada intanet, a gwada sauti, a soka filas, a rufe murfi a buɗe a ga ko za ta farka. Shi kuwa kenel na asali a bar shi a jerin GRUB, wurin da yake ci a faifai bai taka kara ya karya ba.